Gilashin da na shafa wa hayaƙi

A makon jiya na miƙa makullin durowar kayan ƙungiyarmu ta koya wa yara ilimin taurari ga malamar da za ta gaje ni, bayan fiye da shekara goma ina yawo daga wannan makaranta zuwa waccan da madubin hangen nesa ɗaure a bayan babur. 'Yan uwana masu aikin sa kai sun nemi in rubuta wani abu na bankwana, kuma na san suna tsammanin labarin dararen da muka kwana muna nuna wa yara ramukan wata. Ranar da ta fi koya mini aikin nan ba ta cikin waɗannan, kuma tsofaffin cikinmu sun san wadda nake nufi, ko da yake an daɗe ba a ambace ta a taro ba.

Ranar Alhamis ce, 1 ga Satumba 2016, saura kwana goma sha ɗaya Babbar Sallah, aka yi husufin rana da hantsi. Mutanen Gabon da Tanzaniya da Madagaska sun ga rana ta koma zobe, mu kuwa wani sashe nata ne wata ya rufe mana. Makarantu suna hutu, saboda haka gida gida na bi ina roƙon iyaye, har na samu yara tamanin. An turo wa reshenmu tabarau ɗari na kallon husufi, irin na kwali masu lambar tabbatar da inganci ta ISO 12312-2, na ƙirga su sau biyu na kulle. Ana saura kwana biyu jami'in da ke kula da shiyyarmu ya zo ya kwashe casa'in, domin za a yi taro a babban birnin jiha inda manyan baƙi da 'yan talabijin za su hallara. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, yara tamanin na tara, kuma na yi wa iyayensu alkawari." Ya ce, "Malam, ai yara ba sa sa hannu a takardar tallafi." Ya bar mini goma ya tafi.

Daga nan laifin ya zama nawa ni kaɗai, kuma ba zan raba shi da kowa ba. Na tuna husufin 29 ga Maris 2006, wanda inuwarsa ta ratsa Gana da Najeriya da Nijar, lokacin da muka kalli rana ta cikin fasasshen gilashi da muka kanga a kan kyandir har ya yi baƙi, babu abin da ya same mu. Na karanta a takardun horon da aka ba mu cewa haramun ne a yi haka, na kuma karantar da shi, amma kunyar in ce wa yara saba'in su jira layi ta rinjaye ni. A daren na zauna na shafa wa gutsattsarin gilashi ashirin hayaƙi, ina ma jin kaina gwanin dabara.

Hayaƙi yana rage hasken da ido ke gani ne kawai, ta yadda mutum zai daina runtse ido ya zuba wa rana kallo, alhali haskokin da ido ba ya gani suna wucewa, ga shi kuma shafin ba ya kwanciya daidai, yatsa ɗaya ya isa ya goge shi. Tantanin da ke bayan ido ba ya jin zafi, don haka mai ƙonewa ba ya sanin yana ƙonewa sai bayan sa'o'i. Wani yaro ɗan aji biyu na ƙaramar sakandare, wanda ya fi kowa yawan tambaya a kulob ɗinmu, ya keɓe gefe da gilashinsa yana son ya zana yadda wata ke cin rana daki daki. Na gan shi, har na yaba masa.

Washegari bayan La'asar mahaifinsa ya yi mini sallama, yaron yana bayansa yana murza idon dama. Ya ce duk abin da ya kalla yana ganin tabo a tsakiyarsa, kuma layukan littafi sun karkace masa. Uban bai ɗaga murya ba, abin da ya ce kawai shi ne, "Malam, amana muka ba ka." Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Likitan ido ya shaida mana cewa babu wani magani sai jira, muka yi ta jira har wata biyar, ganin ya dawo sai ɗan dishi-dishi da ya rage. Kuɗin mota da na asibiti daga albashina suka fita, kuma ban taɓa kai wa ƙungiya takardar biya ba.

Rahoton da jami'in ya aika sama ya ce wani ɗan sa kai ya saɓa ƙa'idar kariya, wanda gaskiya ne, aka dakatar da ni wata shida, wanda shi ma na cancanta. Tabarau casa'in ne ba su samu ko layi ɗaya a rahoton ba. Da na koma aiki na shiga ofishinsa karɓar wata takarda, sai na hangi ɗauri biyu daga cikinsu a kan kabad, ko ledarsu ba a yage ba. Ban ce komai ba, shi kuwa shekara ba ta zagayo ba aka ƙara masa girma.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hanyar da ba ta da haɗari tana ƙarƙashin ƙafafunmu a ranar. A inuwar darbejiyar da muka taru, hasken da ke ratsowa tsakanin ganyaye ya zuba ɗaruruwan ƙananan jinjirin wata a ƙasa, domin kowace kafa tana aiki kamar hujin da ke jefa hoton rana. Wata mai sayar da ƙosai a bakin makaranta ce ta lura, ta kira ni in gani, na ce mata ina zuwa. Da kwali biyu da allura, ko rariya mai manyan huji, yara tamanin za su ga husufi sun juya wa rana baya. Tun daga lokacin, da wannan hanyar nake fara kowane horon malamai, kuma ba a sake samun ko ido ɗaya da ya ƙone a reshenmu ba.

Sauran abubuwan ba sa buƙatar dogon bayani. Manhajar Stellarium, mai nuna taswirar samaniya, kyauta ce kuma tana aiki ba tare da intanet ba, ta fi mana amfani a kan littattafan da aka turo daga waje masu taswirar samaniyar Turai. Shirin Globe at Night, na auna duhun samaniya ta hanyar duba taurarin da ido ke gani, ya dace da yaran karkara, domin duhun da suke da shi ya fi na 'yan birni. Manyan ɗalibai za su iya shiga neman ƙananan duwatsun sararin samaniya ta wani shirin ƙasa da ƙasa mai suna IASC, inda ake turo hotunan madubin Pan-STARRS na Hawayi su bincika da manhajar Astrometrica, muddin akwai kwamfuta da wuta. Makon Sararin Samaniya na Duniya, daga 4 zuwa 10 ga Oktoba, yakan faɗo a ƙarshen damina, saboda haka a tanadi aikin cikin aji ko da hadari zai taso. A fara wa yara da Zara matar wata da Kaza da 'ya'yanta kafin a kai ga tauraron ɗan adam na NigeriaSat-1 da aka harba daga Rasha a 2003, kuma a gaida limamin unguwa kafin a kafa madubi. Namu ya zo da kansa a daren zazzaɓin wata na 27 ga Yuli 2018, ya fi yara daɗewa a kan madubin.

Akwai husufin rana a ranar 2 ga Agusta 2027, wanda duhunsa zai bi ta Masar da Makka, mu ma za mu ga wani sashe idan gajimare ya bari. Na bar wa malama kwalaye sittin da aka riga aka huda, da littafin da duk mai ɗaukar kaya zai sa hannu ko wane ne shi. Makullin durowar guda ɗaya ne, kuma na gaya mata kada ta yanka wa kowa wani.