Na yi dariya, amma ta ciwo

Jiya da dare na kalli The TV Set, fim ɗin barkwanci na Amurka da Jake Kasdan ya fitar a 2006. Wallahi tun ina ƙyaƙyatawa har jikina ya yi sanyi.

David Duchovny ne ya fito a matsayin Mike, marubucin da ya tsara shirin talabijin kan ƙunar da ya sha bayan ɗan'uwansa ya kashe kansa. Tashar ta ce labari ya yi, tana so. Daga nan fa aka shiga yi masa yankan ƙauna. Jarumin da ya zaɓa aka ture, aka kawo wani mai yawan zaƙewa. Shugabar tashar, wadda Sigourney Weaver ta fito a matsayinta, cikin fara'a take tambaya wai dole ne sai ɗan'uwan ya kashe kansa? Kada masu kallo su shiga damuwa. Kuma ra'ayin 'yarta matashiya ne ma'auninta! Abin da ya fi ci mini rai, ba mai ɗaga masa murya, kowa yabonsa yake yi yana zare masa tubali ɗaya bayan ɗaya.

Na so in zarge shi da rashin tsayawa kan bakarsa, sai na kasa. Matarsa na da juna biyu, ga ciwon baya ya sa shi gaba. Ni ma na taɓa sauya ƙarshen wani wasan rediyo da na rubuta, don mai ɗaukar nauyi ya ce ba ya son mutuwa kusa da tallarsa. Na tashi tsohuwar da za ta mutu a wasan daga jinya, na karɓi kuɗina na sayi buhun shinkafa.