Ruwan randa a lagireto

Jiya da la'asar na iske ɗan ƙanwata ƙofar gida ya ɗage bonet ɗin Starlet ɗin da yake taksi da ita, buta a hannu yana ɗura ma lagireto ruwan randa. Na ce kai mi kake yi haka, ya ce "Kawu ai ruwa ruwa ne." Wallahi sai na ji kamar ni ne ke magana shekarun baya.

Ni ma haka na yi da tsohuwar Carina tawa. Ruwan pompo, ruwan rijiya, har piya wata na sha fasawa in zuba, kuma kada ku ga laifina da yawa, lokacin yara uku na lakwal ga kuɗin haya, wa zai sayi ruwa mai launi a bidon alhali ga kogin Isa na gudu kyauta. Wani makaniki ma ya cire mini tarmosta, abin nan da ke daidaita zafin inji, ya jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne, na yi ta godiya. Abin da ban sani ba, ruwan banza yana barin gishiri da tsatsa cikin ƙananan hanyoyin lagireto, a hankali ya toshe su, ya ci pompon ruwa, kuma shi ya fi saurin tafasa, ruwan magani kuwa, wato mai launin nan na bidon, in murfi na riƙe iska sosai yakan wuce 120 bai tafasa ba.

Watan Afrilu na kama hanyar Tawa, rana kamar ta faɗo ƙasa, mun wuce Dogon Dutsi allurar zafin inji ta hau ja. Na gani ƙuru-ƙuru, na ce bari dai mu kai Ƙonni. Ba mu kai ba. Tururi ya turnuƙe, na tsaya, gaggawa ta sa na murɗe murfin da tsumma nan take, ruwan ya yi tsalle ya dafa mini hannu, tabon na nan har yau. Ban daddara ba na juye ruwan sanyi cikin injin da ke wuta. Juwen kulas, wato shimfiɗar da ke tsakanin inji da kansa, ya ƙone, kulas ɗin, wato kan injin, ya lanƙwashe, man injin ya koma kalar shayi da madara, kuɗin ragon layya duk can suka tafi. Ko da yake motar dama tsohuwa ce, wataƙila ko ba ni ba da ta yi hakan. A'a, ni ne.

Na yi niyyar jero muku shawarwari goma amma ku yaran yanzu wa ke karatu, kuna tuƙi ido na kan TikTok ba kan allura ba. To in allura ta hau, tsaya ka kashe. Kada ka taɓa murfi sai ya huce har ka iya ɗora tafin hannu. Kada ka zuba ruwan pompo, sayi ruwan magani ka canza shi kamar duk shekara 2. Amma in daji ya rutsa da kai zuba ko na tabki ne, in ka iso gari a wanke. Wanda aka zubar kuma a kawar da shi, zaƙi gare shi kuma guba ne, awaki na lasa.

Yaron ya saurare ni har ƙarshe, ya ce "To Kawu, ba ni kuɗin bidon ɗin." Na ba shi.