Wasiƙa daga Jamus zuwa ga masu kiwon zuma na gida: maganar kaskar faroa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, da fatan kuna lafiya, ya amya, ya aiki.

Faroa wata 'yar kaska ce ja mai kama ƙudan zuma, ba ta kai ƙwayar riɗi ba. Asalinta Asiya, ta shigo Jamus a 1977, kuma yau a nan amyar da aka bari ba magani da wuya ta wuce shekara uku. Tana shiga ramin saƙa kafin a rufe tsutsa, ta hayayyafa a ciki, ta sa wa ƙuda cutar da ke naƙasa fiffike. Ta iso Afirka, amma ƙudan zumarmu na gida sun fi na Turai jure mata. Shi ya sa muke cewa a ƙirga tukuna kafin a taɓa magani.

A ɗebi ƙuda kamar 300, wato rabin kofi, daga saƙar da ke da 'ya'ya, a tabbatar babu sarauniya a ciki. A zuba su a kwalba mai murfin raga, a sa cokali biyu na sukarin da aka niƙa ya yi laushi kamar fulawa, a jujjuya minti ɗaya, a bar su minti biyu, sannan a kife a kaɗa kan farin faranti, kaskar ta zubo a ƙirga. In kaska ta haura tara, akwai aiki. Da damina sukarin yakan dunƙule ya ba da lissafin ƙarya.

Mafi arha shi ne yanke saƙar maza. Faroa ta fi son ramukansu saboda namiji kwana 24 yake yi kafin ya fito, ma'aikaciya 21, don haka ta fi samun lokacin hayayyafa. Da an rufe ramukan sai a yanke saƙar a narkar da kakin. Wanda ya makara har mazan suka fito, kaska ya kiwata.

Asid ɗin fomik mai kashi 60 cikin ɗari, wanda ake sawa a nan bayan cire zuma, yana ratsa murfin rami ya kashe kaskar da ke ciki. Amma in zafi ya kai digiri 30 tururinsa na iya kashe sarauniya, ƙudan su gudu. A bazarar Kano ko Maraɗi kada ma a gwada. Timol, maganin da ake samu daga man wani ganyen ƙamshi mai suna tayim, shi ma haka, ga warinsa na kama zuma.

Asid ɗin okzalik ba ya kai wa kaskar da ke cikin rufaffen rami, don haka Jamusawa ke ɗiga shi a Disamba lokacin da babu 'ya'ya: kashi 3.5 cikin ɗari a ruwan sukari, kamar mililita 5 a kowane tsakanin saƙa, sau ɗaya tak, da safar hannu da tabarau. A gida, tarin ƙudan da suka shiga amya kwanan nan, kafin su rufe 'ya'yan farko, su ne suka dace da wannan magani.

Wassalam, daga 'yan'uwanku masu kiwon zuma a Jamus.