Godiya bayan daren waƙoƙi a gidan Baba

Sai yau na samu na zauna. Jama'a, mun gode, mun gode ƙwarai. Kun san abin da muka gani a makonni ukun nan tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, ba sai na maimaita ba.

Daren 24 ga Disamba ne ya ƙi fita daga raina. Da 'yan kwaya suka ce tunda Baba ba zai iya zuwa coci ba, su za su biyo shi gida a unguwar Aboabo, na ɗauka mutum biyar ko shida ne. Sai ga tsakar gida ta cika maƙil, ga hazon hunturu. Ana cikin karatu na uku dumsor, wato ɗaukewar wutar lantarki, ya yi halinsa, piyano ya yi tsit. Gabana ya faɗi. Shugaban kwaya ya ce a ci gaba, ai waƙar Kirsimetin nan ta daren shiru (Silent Night) ma, ranar da aka fara rera ta a Ostiriya a 1818, jita kaɗai ta raka ta. Ya ba da murya, mata suka ɗauka a sama, maza suka tallafe daga ƙasa, a hankali kamar ana lallashin jariri.

Ina tsugune gefen Baba da fitila. Mutumin da tun a asibiti bai haɗa kalma ɗaya ba, sai na ga leɓensa na motsi, daidai inda maza ke shiga. Shekara talatin yana rera wannan layin. Bai manta ba. Na kasa riƙe fitilar, ƙanwata ce ta karɓa.

An ce kada a ware kowa, amma Hajiya mai koko ta bakin layinmu, dole in ambace ki. Ba addininmu ɗaya ba, amma ke kika aiko da bencina da zoɓo, kika tsaya a ƙofa har aka tashi. Zumuntar mata, ku da kuka kwana da Mama a asibiti, Ubangiji ya share muku hawaye, ya tsare 'ya'yanku, kada ya nuna muku irin wannan rana.

'Yan uwanmu na Akara kuwa, ko kira ɗaya. Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye ku.

Baba yana shan koko da hannun hagu yanzu. Ku ci gaba da sa shi a addu'a, ranar Talata za mu koma wurin likita.