Toka a cikin takalmi

Talata da dare, ƙauyen Chã das Caldeiras, tsibirin Fogo, ƙasar Cabo Verde.

Yau ƙafafun nan ba nawa ba ne. A kishingiɗe nake wannan rubutu, kuma sau uku ke nan ina zazzage takalmina amma baƙar tsakuwa ba ta daina zubowa ba.

Shida saura muka kama hanyar hawan dutse mai aman wuta, bayan na yi Asuba haƙorana na kaɗawa. Da ina haɗa kaya a Kano dariya na yi wa rigar sanyin da uwargida ta cusa mini a jaka, wai ni da za ni tsibiri a tsakiyar teku. Ashe ƙauyen nan kusan mita 1,700 yake sama da teku, a cikin wani makeken kwari da katangar dutse ta yi wa rabin zobe. Ruwan alwala ma da moɗa aka auno mini, don ba rijiya ba rafi, ruwan sama suke tarawa a tankin siminti su yi ta lallaɓa shi.

Ɗan rakiyata saurayi ne mai jan gashi da idanu kamar na mage. Da na kasa daina kallonsa sai ya yi dariya ya ce jinin Montrond ne, wani Bafaranshe da ya zauna a tsibirin a ƙarni na 19 ya bar zuriya mai yawa. Da Kiriyol ɗinsa, yaren mutanen nan, da 'yar Faransancina ta kasuwar Maraɗi muka yi ta harhaɗa zance.

Dutsen, Pico do Fogo, mita 2,829 ne, babu wanda ya kai shi tsawo a duk tsibirai goma na Cabo Verde. Fogo ɗin ma wuta ke nan da harshen Fotugal. Hawan farko cikin toka ne, ka ɗaga ƙafa biyu ka zame ɗaya. Daga nan sai duwatsu masu kaifi kamar fasasshiyar kwalba, dole ka sa hannu, tafin hannuna na hagu har yanzu zogi yake. Na tsaya hutawa ya fi a ƙirga, shi kuwa yaron ko haki ba ya yi. Kusa da ƙololuwa sai warin farar wuta ya buge ni, kamar an fasa ruɓaɓɓen ƙwai.

Awa huɗu muka yi. An ce mini daga can sama ana hango tsibirin Santiago, na kuma ɗora rai a kan hoton da zan ɗauka. Da muka isa me zan gani? Hazo. Hazon nan namu na hunturu, fari fat, ya shafe teku da sama ya haɗe su. Su bruma seca suke ce masa, ƙurar Sahara ce iska ke kwasowa ta tsallake Senegal ta ƙara fiye da kilomita 500 a kan ruwa, wani lokaci har jiragen sama take hanawa sauka. Na zauna na yi ta dariya ni kaɗai. Na kashe kuɗin jirgi na gudo wa hazon Kano, ashe ya riga ni zuwa.

Ƙasa dai ana gani tar. Narkakken dutsen da ya daskare ya shimfiɗu cikin kwarin kamar an kifar da tukunyar kwalta, yaron yana nuna mini da yatsa: wancan mai ɗan haske na 1951 ne, wannan na 1995, wancan baƙi wuluk na 2014. Yana faɗa kamar yadda manomi ke nuna iyakar gonaki.

Saukowa kuwa wasan yara ce. Gangaren duk toka ce mai laushi, ka jingina baya ka saki jiki ka yi ta gudu, ƙafa na nutsewa har ƙwauri. Abin da muka hau cikin wahala muka sauko shi kafin in gama salati. Sau biyu na faɗi da gindi, ba wanda ya gani sai shi, na kuma roƙe shi ya rufa asiri.

Da la'asar ne na ga abin da ya tsaya mini a rai. Mun zaga inda ƙauyukan Portela da Bangaeira suke a da. Ranar 23 ga Nuwamban 2014 dutsen ya fara aman wuta, bai lafa ba sai farkon Fabrairun 2015. Ba a rasa rai ko ɗaya ba, saboda narkakken dutsen a hankali yake tafiya, har mutane suka samu suka kwashe dabbobi, suka ciccire ƙofofi da tagogi, sannan suka koma gefe suna kallon gidajensu na nutsewa. Na taka wani fili na siminti ina tsammani daɓe ne, sai aka ce mini rufin ɗaki nake kai. Na leƙa ta wata taga da ta rage, baƙin dutse ya cika ɗakin har sama.

An kai mutanen gidaje a ƙauyukan Monte Grande da Achada Furna, amma da yawa suka dawo suka sake gini a kan abin da ya cinye na farkon, da baƙin dutsen ma suka yi tubali. Da farko na ɗauka taurin kai ne kawai. Sai da na ga gonakin inabi: kowane gindi a cikin ɗan rami a toka, ba rumfa ba ban ruwa, yanzu duk a bushe kamar ƙirare, amma wai idan lokacinsa ya yi sai sun rasa inda za su sa shi. Ga tuffa, ga rumman, ga ɓaure. Na tuna mutanen fadamar Haɗeja da ambaliya ke kora, ruwa na janyewa su koma, ban ƙara tambaya ba.

Da dare maigidan masauki ya kawo mini giyar inabinsu, Manecom, na ce masa ba na sha, bai ji haushi ba, ya sa aka dafa mini gahawar garin Mosteiros. Tuwon ƙasar, cachupa, dahuwar surfaffiyar masara ce da wake. Tun jiya na roƙa a yi nawa daban ban da naman alade, aka sa mini ƙwai da cukun akuya.

Sai ɗazu sabis ya ɗan leƙo, saƙon murya na Hajiya ya shigo: "Kai yanzu duk faɗin duniya ka rasa wurin zuwa sai bakin wuta?" Na tura mata hoton rumman kawai, na rufin ɗakin nan na bar shi sai na dawo gida. Gobe da sassafe motar haya za ta sauke ni São Filipe, babban garin tsibirin, in ji ko hazo zai bar jirgin Praia, babban birnin ƙasar, ya tashi.