Takardar aure ba ta tsallaka boda

Ƙarshen watan nan zan bar teburin biza a kamfanin tafiye-tafiyen da nake wa aiki a Wuse. Yaran da za su gaje ni sun iya tikiti da Umara, ba sai na koya musu ba. Inda za su sha wuya shi ne wajen mutanenmu da suka auro mata daga waje, masu son leƙawa maƙwabta biki ko saro kaya.

Maganar tasu ɗaya ce kullum: "Ai matata ce, tare za mu." Shi mijin yana da gaskiyarsa. Tun yarjejeniyar zirga-zirga ta ECOWAS ta 1979, ɗan Najeriya na shiga ƙasashen ƙungiyar ya yi kwana 90 ba biza. Kamaru da Chadi ba sa cikin ECOWAS, amma su ma ba sa neman biza a wajenmu don gajeriyar ziyara. Sai mutum ya ɗauka alfarmar ta shafi iyalinsa. Ba ta shafa ba. Jami'in boda fasfo yake dubawa, ba sadaki ba. Katin zama na CERPAC da hukumar shige da fice ke ba matar izinin zama ne a Najeriya kawai, da ta taka ƙasar wani ya tashi daga aiki.

Wannan na faɗa wa ogana ranar da wani babban kwastomansa ya zo, ɗan kasuwa, matarsa 'yar Pakistan, za su bikin ɗan aminin sa a Maraɗi. Na ce sai an nema mata bizar Nijar, ko a ofishin jakadancinsu na nan Abuja ko a ƙaramin ofishinsu na Kano, kuma ba aikin yini ɗaya ba ne. Oga ya ɗaga min hannu a gaban baƙo. "Ke, ba na son dogon Turanci. Maraɗi da Katsina ai gida ɗaya ne. Alhaji, ku kama hanya, katin nan ya isa." Na ce, "Yallaɓai, a dai duba." Ya ce yaushe na zo Abuja da zan koya masa aiki. Na ja bakina. Ni ya sa na haɗa musu motar haya da masauki, na sa hannu a rasit.

Sun wuce Jibiya lafiya, a ɓangaren Nijar aka tsayar da su. Babu wanda ya ci musu mutunci, aikinsu suka yi. Aka ce Alhaji da yara su wuce in suna so, Hajiya kuwa ta koma ta samo biza. Direban ya ba ni labari daga baya: tana zaune a bayan mota da lallen biki a hannu, ankon da aka ɗinka mata yana cikin leda a kan cinyarta, ƙaramin yaron na ta tambayarta ko sun iso. Suka juyo gaba ɗayansu, suka kwana Katsina.

Da Alhaji ya dawo ofis yana huci, oga ya miƙe har da riƙe masa hannu. "Wallahi Alhaji yarinyar nan ce, sabuwa ce, ba ta ankarar da ni ba." Ina tsaye. Alhajin da aka yi maganar a gabansa bai ce uffan ba, don shi kuɗinsa yake so, ba shari'a ba. Aka mayar masa, aka yanka daga albashina, aka kuma karanta sunana a taron safiyar Litinin a matsayin misalin sakaci. Daga ranar duk shawarar da na bayar sai na bi ta da saƙon WhatsApp ga oga da kwastoma tare. Ya ce na faye son nuna iyawa. Amma bai sake samun inda zai ɗora min kaya ba, kuma masu matan waje da kansu suka riƙa cewa a kai su teburina.

Sauran abubuwan da masu gadona za su kiyaye duk ƙanana ne. Benin ta fi kowa sauƙi: mai fasfon kowace ƙasar Afirka yana shiga ba biza, don haka 'yar Sudan ko Masar za ta wuce Seme zuwa Kwatano hankali kwance, wadda ba 'yar Afirka ba kuma ta nemi biza ta intanet, akwai ta kwana 30 da ta kwana 90. Kamaru ta koma neman biza ta intanet a 2023, a fara da wuri. Nijar ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025 tare da Mali da Burkina Faso, ga rufe bodar da aka yi bayan juyin mulkin Yulin 2023, saboda haka kada a yi aiki da abin da aka sani bara, a tambayi ofishin jakadanci a satin tafiyar. Katin allurar shawara kada a manta shi a gida. Fasfo ya zama da sauran wata shida aƙalla.

Ku duba dawowa kafin fita. Matar da ba ta da katin zama, da bizar shiga sau ɗaya ta zo, tana fita ta ƙone ta.

Mai son hutawa da wannan duka ya nema wa matarsa zama 'yar ƙasa, sashe na 26 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba matar ɗan Najeriya damar yin rajista. Mijin 'yar Najeriya ba a ba shi wannan ƙofar ba, kuma ni ce nake zama in yi wa matan bayani suna kallona kamar ni na rubuta dokar.

Kuɗin da aka yanka min har yau ba a mayar ba. Na sa shi a takardar ajiye aikina, layi na biyu, da kwanan watansa.