An ce jininki lafiya lau, amma kullutun yana nan

Akwai maganar da nake yawan ji a bakin mata kuma wallahi tana damuna, wai "ai na yi gwajin jini an ce komai lafiya", alhali tana jin kullutu a mamanta tun watannin baya. Eh, jini yana canzawa tun sankarar mama tana ƙarama, amma ba irin canjin da takardar FBC, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, za ta nuna miki ɓaro-ɓaro ba ne.

Fararen ƙwayoyin jini su ne sojojin jiki kuma kala-kala ne. Niyutrofil sun fi yawa, su ke fara isa inda ciwo yake, sai limfosait, cikinsu akwai ƙwayoyin T da NK masu gano ƙwayar da ta lalace su kashe ta. To shi ƙarin sankara yana sakin wasu sinadarai, ɗaya shi ne G-CSF, ya je ɓargo ya sa a yi ta turo niyutrofil, wasu ma ba su gama nuna ba, kuma maimakon su yaƙi ƙarin sai su koma danne ƙwayoyin T ɗin da ya kamata su yi aikin. Shi ya sa masu bincike ke raba adadin niyutrofil da na limfosait a lissafi, abin da ya fito NLR suke ce masa, an sha ganin cewa idan ya yi sama cutar ta fi taurin kai. Amma fa wannan ga wadda aka riga aka tabbatar tana da cutar ne. Juna biyu yana ɗaga lambar, haƙori mai ruwa yana ɗaga ta, ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe da ake sha don ƙiba ma in akwai maganin dexamethasone a ciki suna hargitsa ta.

Ga wanda ya fi shafarmu. Mafi yawanmu 'yan Afirka ta Yamma jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da wata alama da ake kira Duffy, gado ne, yana ba da kariya daga maleriya nau'in vivax, kuma masu wannan gadon niyutrofil ɗinsu yakan zauna ƙasa-ƙasa suna nan garau. Ma'aunin da ake kwatantawa da shi kuwa yawanci a jikin Turawa aka tsara shi. Har wajen kemo, wato allurar maganin sankara, abin yana tasiri, ana iya ɗage wa mace allura saboda an ga adadin niyutrofil ɗinta ya yi ƙasa alhali haka jininta yake tun asali, don haka 'yar uwa ki adana sakamakon gwajin da aka yi miki kafin a fara, ki nuna wa likita.

Kullutu kam sai likita ya taɓa, a yi sikanin ko mamogiram, wato hoton mama, in da buƙata a ɗebi ɗan tsoka da allura a duba a lab. Dan Allah kar tsoron wai allurar tana watsa cutar ya hana ki, ita ce ke faɗin nau'in sankarar da maganin da zai kama ta.